Abin da Ɗantsoho Ya Haɗiye Shi Kaɗai

Kawuna Ɗantsoho dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ci abu shi kaɗai ba. Goro guda sai ya fasa shi huɗu. Matarsa Kyauta kan ce ko tari ya kama shi sai ya nemi wanda zai sam wa.

A shekarar 1994 ƙanensa Ilu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Gagarawa. Aka yi sadakar arba'in, kowa ya kama gabansa, shi kuwa Kawu bai tashi ba. Ya daina cin abinci, ya daina fita kasuwa. Ko ƙarar mota ya ji sai gabansa ya yi ta faɗuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Fataken Damagaram da ke kawo masa shanu suka fara neman wani dillalin.

Kyauta ce ta ja shi asibiti a Gumel. Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum, ya ce sai an yi makonni za a ga aikinta, kuma kada a daina don an ji sauƙi. Nas Cecilia, wata 'yar Filato, ta maimaita masa har sau biyu.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ranar Alhamis, sai ga Kawu a cikin shanu yana ciniki. Aka kewaye shi ana tambayar abin da ya tashe shi. To, kun san hali. Ya zaro kwalbar maganin ya shiga rabo, mai ciwon baya biyu, mai ciwon haƙori biyu, har da wani Sajo da lafiyarsa ƙalau, wanda ya wuni yana gyangyaɗi a jikin buhu. Kafin la'asar kwalba ta koma wayam. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Bayan mako uku ya koma ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Na ji haushinsa, na kuma ji tsoro ƙwarai.

Da suka koma Gumel, Cecilia ba ta yi faɗa ba. Ta danƙa wa Kyauta sabuwar kwalba, ta dube shi.

"Baba, wannan ba goro ba ne. Don kai kaɗai aka auna shi."

Wata takwas Kyauta na ba shi ɗaya-ɗaya, har likita ya janye masa a hankali. Ya koma kasuwa, fataken suka dawo masa. Na taɓa tambayarsa abin da ya fi masa wuya a duk jinyar. Sai ya ce:

"In haɗiye abu ana kallona, ban ce wa kowa bismilla ba."