Rigunan da Na Tsallake

Wata Lahadi ce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a barandar gidan Kawu da ke Asawase. Mu uku ne: ni, da Kawu, da matarsa Hajiya tana tsince wake a faranti.

Kawu tela ne. A Nijar ya yi makaranta kafin ya zo Kumasi, kuma Faransanci bai taɓa barinsa ba. Direbobin da ke zuwa daga Wagadugu sukan kawo masa sababbin littattafan labari, yana karantawa a shago tsakanin azahar da la'asar. Da cutar yana ta rufe masa ido, karatun ya tsaya. A duk zuri'armu ni kaɗai na yi Faransanci a makaranta, don haka kowace Lahadi nakan hau motar haya ta torotoro daga unguwar Sofoline in je in karanta masa.

A lokacin ban daɗe da fara aikin rediyo ba. An koya mana cewa kafin ka shiga ɗakin watsa labarai, sai ka bi takardarka da fensir, ka soke duk abin da mai sauraro zai iya yi ba tare da shi ba. Haka na yi wa littafin Kawu. Labarin wata mata ne da ta je kwashe kayan mahaifinta bayan rasuwarsa. Shafi uku cur tana ninke riguna, ba abin da ya faru. Na ja musu layi tun a gida.

Da na iso wurin a karatu, na juya shafukan a hankali, na haɗa da jimla ɗaya tawa: ta tattara kayan, ta rufe ƙofa.

Kawu ya ɗaga hannu.

"Ina rigunan?"

"Waɗanne riguna, Kawu?"

"Kai ɗan rediyo, ido ne ba ni da shi. Na karanta wannan littafi kafin idon ya rufe. Ina rigunan mutumin?"

Na ce na taƙaita ne, don kada ya gaji.

Hajiya ta yi dariya ba tare da ta ɗago kai ba. "Shi zai gaji? Mutumin da ke kwance ɗinki sau uku saboda zare ɗaya?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce in haka zan riƙa yi, in rufe littafin, ya haƙura da karatu gaba ɗaya, ya fi masa da a ba shi rabin abu a ce duka ne. Na san ba wani da zai karanta masa in na rufe. Shi ma ya sani.

Na koma baya shafi uku.

Jimlolin gajeru ne, kowace riga da tata. Fara. Mai ratsi. Wadda maɓallinta na uku bai yi kama da sauran ba. A ta biyar matar ta lura an taɓa cire wuyan rigar, an juya shi, an sake ɗinkewa, ɓangaren da ya goge ya koma ciki.

"Tsaya nan," in ji Kawu. "Ka ji? Ba ta ce talaka ne ba. Ba ta ce mai kunya ne ba. Wuyan riga ta nuna maka. Na juya wa manyan mutane irinsa a unguwar Alabar, suna zuwa da shi a leda, ba sa haɗa ido da ni."

Ya sa na maimaita wurin sau biyu, kuma ya ce in rage gudu, ba kanun labarai nake karantawa ba. Hajiya ta ajiye farantin, ta ce a fassara mata. Kawu ya fassara da Hausarmu ta Zango, har da ɗan Turanci da yaren Tuwi a ciki, kuma na ji rigunan sun fi zama daidai a bakinsa.

Mako bakwai muka ɗauka kafin mu ƙare littafin. Bayan shekara guda aka yi wa Kawu aiki, idonsa na dama ya buɗe, amma ƙananan haruffa sun ci gaba da gagararsa. Na karanta masa littattafai goma sha ɗaya kafin ya rasu.