Shafuka Ukun da Na Tsallake Maka, Malam Na'ibi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 6 ga Sha'aban 1446, bayan La'asar, aminina Malam Na'ibi tela ya rasu a gidansa da ke unguwar Bani Malik.

Malam, kai ka ja ni ajin koyon karatu na yamma a unguwar Karantina ina da shekara arba'in da biyar, lokacin da ko sunana a jikin iƙama, katin izinin zama a ƙasar nan, ba na ganewa. In na yi tuntuɓe a karatu sai ka yi tari da ƙarfi don kada 'yan ajin su ji.

Da idanunka suka daina gani bara, na zama mai karanta maka. Wata rana ka miƙo mini littafin labari na Larabci da 'yar ƙanenka Lina ta zo da shi daga tafiya. Labarin abokai biyu ne tun ƙuruciya, har ɗayan ya gaya wa ɗan'uwansa cewa shi maza zuciyarsa take so. Da na hango wurin, sai na lashi yatsa na haɗa shafi uku na juya.

Ka ce, "Usuman, shekara hamsin ina yanka yadi. Na san ƙarar ninki uku."

Na ce bakina ba zai karanta wannan ba. Ka ce, "To halas, shi ke nan, ajiye." Na tashi na fita. Kwana ashirin ban taka gidanka ba, ina sane da cewa ba ka da wani mai zama da kai da rana.

Sai 'yata Sadiyya ta haifa mini jikata ta farko. Na fito daga asibiti ina dariya ni kaɗai a titi, ban ankara ba sai ga ni a ƙofarka. Ka lalubo hannuna ka ce, "Ango, ka yi amarya ka manta da mu?" Bayan mun sha gahawa ka ce, "Yalla, maza koma inda ka yi mini sata."

Na karanta maka shi har ƙarshe, ban tsallake ko layi ba. Na gaya maka gaskiya: rubutun ya yi daɗi, wurin da suka yi sallama ya sa ni hawaye, amma hanyar da saurayin ya bi ban yarda da ita ba, har yau kuwa ina nan a kan haka. Ka ce, "Ban ce ka yarda ba. So nake ka ga abokin nan bai tashi ya fita ba."

Bayan wata biyu ka cika, ina zaune a gefen gadonka. Wannan shi ne abin da ya kwantar mini da hankali.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku kuma iyalansa, Hajiya Jamilatu, Mus'ab da Lina, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu guzurin tarar da shi.