Solfrid Mai Allura, Wadda Ba Ta Kalli Barandar Fada Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take ratsa tsofaffin layukan da ke bayan ganuwar Akershus, riƙe da jakar fata, ta hau bene hawa uku a wani gida da ya girmi kakan kakana. Kafin ta taɓa komai sai ta wanke hannu sau biyu. Ba ta shafa mai, ko da sanyi ya tsattsaga mata fata. Kofi a kan matakala take shansa, a tsaye, domin ba a shiga ɗakin aikinta da abin da zai iya zubewa. Daga nan ta ɗage labulen tagar arewa, ta zauna jiran haske. Solfrid Tveiten ba ta ɗinki da wutar lantarki. Ta ce fitila maƙaryaciya ce, takan nuna maka zare ja alhali ruwan goro ne. A watan Disamba, lokacin da rana kan leƙo Oslo kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya, awa huɗu kawai take samu. Haka ta yi shekara arba'in da ɗaya.

Aikinta gyaran tutocin makarantu ne, manyan nan na siliki masu surfani, waɗanda ba sa fita sai ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasa, su wuce gaba yara na biye, a hau titin Karl Johan har ƙofar fada. Kowa ya san tutocin. Wadda ta hana su zama tsumma kuwa, ban jin mutum hamsin sun san sunanta.

Asbjørn, wanda ke kula da wata makaranta a yammacin gari, ya ba ni labarin shekarar da iska ta ɓalle musu tuta daga sandarta a filin ganuwa, saura minti biyar su tashi. Ya ce sai ga wata mata ta ja akwatin ganga ta hau, allura a baki, ta dubi shugaban 'yan badujala ta ce, "Ku ƙara buga ɗaya." Mutumin da ko matarsa ba ta sa shi aiki ya ɗaga sanda, aka ƙara buga ɗaya. Kafin kiɗan ya ƙare Solfrid ta ɗinke tutar ta sauko.

Nawa labarin ba shi da kyan faɗa, amma tunda yabon gwani ne ya kawo ni, dole in tona kaina.

Sunana Eilif, ni ke kula da ginin wata makarantar firamare a gabashin gari. Famfo ya toshe, ni ne. Ƙofa ta ƙi rufuwa, ni ne. Shekara goma sha tara kuma ni ke ɗaukar tutarmu, ba don na fi kowa daraja ba, sai don na fi malamai faɗin kafaɗa. Abu ɗaya na yarda da shi a duniya: babu ɓarnar da salatef mai ruwan toka ba zai gyara ba. Na gyara tiyo da shi, na gyara kujerar shugabar makaranta, har takalmina ya taɓa amfana.

Bara, da muka dawo daga jerin gwano, ruwa ya jiƙa ni, yunwa na cina. Maimakon in naɗe tutar a jikin sandarta yadda aka koya mini, sai na ninke ta huɗu kamar zanen gado, na cusa a leda, na ajiye a ɗakin tukunyar ɗumama gini. Bana, saura kwana goma biki, na buɗe. Silikin ya dare a kan ninkin, tun daga ƙololuwar hasumiyar da aka zana da surfani a jikin tutar har ƙasa, ya fi kamu biyu. Tutar shekararta ɗari da goma sha biyu. Na duba hagu, na duba dama, na kifa ta, na yi abin da na iya. Bayan kwana biyu gam ya ratso ta gaba, baƙin layi ya fito a tsakiyar hasumiya. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Gunvor, shugabar makarantarmu, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

"Eilif, yara ɗari huɗu bayan me za su bi? Bayan ƙeyarka?"

"Zan nemi mafita."

"Nemi. In ba ta fita bana ba, kai za ka bi aji-aji ka gaya musu dalili. Ka fara da 'yan aji bakwai, tunda wannan ce shekararsu ta ƙarshe."

Haka na hau benen Solfrid, saura kwana takwas, da tuta a kafaɗa kamar mai kai gawa. A jikin ƙofa na tarar da takarda: ta rufe, ta ajiye aiki tun ƙarshen Afrilu. Tana ciki tana jera zare a kwali.

"An rufe," ta ce, ba ta ko juyo ba.

"Na gani. Dubawa kawai za ki yi."

"Duk haka kuke cewa. Goge takalminka."

Na shimfiɗa tutar a kan tebur. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga gefe ta leƙa baya, ta ga aikina.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani ne a makarantarmu."

"Wanin nan, akwai sauran gam a babban yatsansa na dama?"

Na sa hannu a aljihu.

"Sannu da aiki, Sarkin Salatef. Na san tutar nan, ni na sake mata shafi tun kana da gashi. Shekara biyar ta yi a ɓoye cikin rufin ɗaki lokacin da sojojin waje suka mamaye ƙasar nan, ko ɓera bai taɓa ta ba. Kai shekara ɗaya ta ishe ka."

A nan na lura da hannunta. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun karkace kamar ɗanyar citta. Na gane abin da ya sa ta rufe, kunya ta kama ni, na fara tattara kayana.

"Ina za ka kai ta? Wurin mai facin taya?" Ta buge mini hannu. "Da Disamba ne, da na ce ka je ka yi makoki. Allah ya so ka Mayu ne, rana ba ta da wurin zuwa."

Ta jawo kwalin da ta riga ta rufe, ta yanke salatef ɗin bakinsa. Ta dube ni ta ce, "Ka ga abin da ake yi da shi."

Kullum da tsakar rana nakan kawo mata burodi da cuku, mu ci a matakala, sannan ta bar ni in tsaya a bakin ƙofa in yi kallo. Abin da na gani ya sa na daina ɗaukar kaina mai aikin hannu. Kwana uku ta yi tana cire ɓarnata. Takan ɗiga wani ruwa da tsinken auduga, ta jira gam ya saki, ta ɗaga zare ɗaya da hantsaki, ta kwantar da shi inda yake shekara ɗari da suka wuce, ta koma kan na kusa da shi. Silikin ya tsufa, ba ya ɗaukar ɗinki baki da baki, don haka ta rina wani yadi mai shara-shara, sau uku tana zubar da rinin kafin launin ya yi mata, ta shimfiɗa shi a ƙarƙashi. Zaren da ta yi aiki da shi daga jikin yadin ta zaro shi, gashin kai ya fi shi kauri. Na gwada ƙirga ɗinkin da ke tsawon yatsa ɗaya, na kai arba'in idona ya fara ruwa. Ita kuwa duk bayan awa guda sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta rufe ido, ta jira yatsun su yarda, ta koma. Ban taɓa jin ta ce wash ba.

Ke ce, Solfrid, mai aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa. Magini yakan nuna gininsa, mai fenti yakan sa hannu a kusurwa. Ke kuwa ladanki shi ne mutum ya zo ya nemi inda kika taɓa ya rasa.

Haka ya faru da ni ranar sha shida ga wata da hantsi. Na sunkuya na bi hasumiyar daga sama har ƙasa, ni da na san inda na yi ɓarna, ban gane wurin ba.

"Kada ka yi murna tukuna," ta ce. "A tsaye za ta riƙe. Wurin sunkuyar da ita don gaida gidan sarauta a gaban barandar fada ne abin tsoro, nan duk nauyinta ke komawa kan tsakiya. Nuna mini yadda kake yi."

Na ɗauki sandar tsintsiya na gwada mata gaisuwar da na yi shekara goma sha tara ina taƙama da ita.

"Haka ake faskara itace. Gobe ina bayanka."

A matakala ranar na ji abin da ya fi ba ni mamaki. Shekara arba'in da ɗaya, duk ranar biki tana filin ganuwa da jakarta har makarantar ƙarshe ta tashi, sannan ta gangara inda ake watsewa ta karɓi tutocin da suka ji rauni. Ba ta taɓa hawa tudun fada a ranar ba. Dukan gari ya ga gidan sarauta a baranda, ban da ita.

Gari ya waye tas. Muka hau Karl Johan, yara na ihu da ƙananan tutoci, mata cikin kayan gargajiya, 'yan badujala na neman kashe mu da kiɗa. Gunvor na gefe tana murmushin da ban yarda da shi ba. Da muka taka tsakuwar filin fada sai iska ta taso daga teku ta cika tutar kamar tanti. Na damƙe sandar da hannu biyu. Kowa ya ɗaga kai sama. Ni muryar da ke bayan kunnena kawai nake ji.

"Jira iskar ta wuce. Yanzu. A hankali. Ƙara ƙasa. Tsaya nan. To ɗago, kamar kana ɗauke jariri mai barci."

Na ji silikin ya miƙe a hannuna, ya yi nishi, ya dawo. Hasumiyar ta tashi tsaye a sama da kawunan yara ɗari huɗu, ba su san komai ba, kuma ba za su sani ba sai in sun karanta wannan.

Da muka gangaro ƙarƙashin bishiyoyi na juya.

"To, yau dai kin ga baranda."

"Wace baranda?"

"Haba Solfrid. Har hannu suka ɗaga mana."

"Madalla, sun kyauta." Idonta na kan tutar har lokacin. "Ɗinkin ya riƙe. Kai kuma kafaɗarka ta hagu tana karkata, ka je a duba ka."

Mun gode, uwar tutoci. 'Yan aji bakwai sun gode ba tare da sun san kina bin su godiya ba. Ni kuma na gode da kika fidda ni kunya, kika bar mini sarauta: har Gunvor yanzu Sarkin Salatef take kirana. Allah ya hutar da yatsun nan, ya ba su ɗumin da suka daɗe suna nema.

Ku kuma masu sana'a, matasa da mu da muka fara sanƙo, ga abin koyi. Ku jira haske. Abin da aka ce a naɗe, kada a ninke. Wani ya je ya zauna kusa da matar nan ya karɓi abin da ke hannunta tun tana iya nunawa, domin ta sake rufe kwalayenta, silikin garin nan kuwa bai daina tsufa ba. Kuma badi, in tutoci sun iso gaban fada kowa ya ɗaga kai, ku bari ɗaya ta wuce ku, ku dubi bayanta. Nan Solfrid ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kallo.