Tawadar Kofato

Wata ranar kasuwa ce, a bazarar shekarar da na shiga aji uku, tun Faransawa na mulki, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya tura mu kwatar Dakoro da buhu mu tsinto masa kofatai da guntayen fata. Littafin karatu ɗaya ne a ajin, don haka shi ke buga mana takardu da kansa. Danƙon da yake bugawa da shi ya ƙare, ya ce a nan za a dafa wani. Mahauta ba su ba mu abin kirki ba, sai muka cike buhun da ƙafafun wani mushen jaki da muka tarar a bayan gari, ƙudaje na binmu har ƙofar aji.

Wuni muka yi muna hura wuta ƙarƙashin tukunya, kumfa mai maiƙo na tasowa muna kwashewa da sakaina. Warin nan ya shiga riga, ya shiga gashi, har furar da na sha da maraice shi nake ji. Da ruwan ya yi kauri aka tace, aka zuba a faranti ya daskare. Malam ya yi rubutu a takarda da wata tawada shuɗiya, ya kifa ta a kan danƙon, sannan muka riƙa ɗora farar takarda muna shafawa muna ɗagawa, rubutu na fitowa. Kafin kwana biyu zafi ya ruɓar da abin, muna tsince tsutsa da tsinke muna ci gaba da bugu. Tir! Amma daga takardun nan na fara haɗa baƙaƙe da kaina, kuma ina son abin kamar raina.

A gida kuwa kakata, Inna Hajo, ita ce mai faɗa a ji. Tun da aka rubuta ni lakwal take neman dalilin da za ta sa babana ya tura ni Tagriss wurin kawuna, kiwon raƙuma. "Ran da na ji sun sa ka taɓa ƙazanta, ka gama," haka take cewa. Shi ya sa ban taɓa faɗin yadda ake yin takardun ba.

Ana gobe jarrabawa, na dawo daga ɗebo ruwa na tarar ta zaro takardar karatuna daga jaka, ta wanke ta tas a ƙoƙo, yadda ake wanke allo. Ita a saninta rubutu duk inda yake sha ake yi ya zauna a ƙirji. Ta miƙo mini ruwan, shuɗi, da ɗan maiƙo a sama.

"Shanye, maigidana. Tunda ka nace, ba ni so ɗiyan mutane su wuce ka."

Na leƙa ƙoƙon, ƙafafun jakin nan suka faɗo mini a rai. In na faɗi gaskiya, gobe ina bayan raƙumi. Na toshe numfashi na kwankwaɗe, na ce na gode, na zaga bayan rumbu na amayar har da abin da na ci jiya. Takardar da zan yi bita da ita ta tafi, amma na ci jarrabawar da ƙyar, Inna kuma ta bi maƙwabta tana faɗin aikin hannunta.

Bara jikata ta kai ni wani gidan tarihin ɗab'i a birni. Ga tsofaffin littattafai jere cikin gilashi, ga 'yan makaranta ana koya musu buga sunayensu da tawada mai tsabta, suna dariya. Na yi musu murna, wallahi. Sai dai na daɗe tsaye ina tunanin tsohuwar da ta ƙi jinin lakwal, amma ta fi ƙin a wuce jikanta. Har ta rasu ban gaya mata abin da ta ba ni ba.