Jirgin da Na Yaba Ya Tafi da Gerona

Jama'a, ku zo ku yi mani dariya!

Yau bakin tabki masunta sunka kaure da gardama: jirgin katako da goran ƙetare ruwa, wanne ya fi aminci? Na aza buhun gerona cikin jirgi zan ƙetara, na tsoma baki. Na ce hawan gora kasada ce, jirgi ba ya cin amana.

Sai Illa, sarkin katsalandan, ya dinga ihu: "Malam! Malam!"

Na ce, "Dimokuraɗiyya muke yanzu, jira a ba ka magana!"

Da na ƙare jawabina, na ba shi.

Ya ce, "Jirginka ya kwance tun ɗazu."

Wayyo! Ga gerona can tsakiyar ruwa! Na juya ga wani tsoho mai gora: "Baba, don Allah..."

Ya ce, "Kasada ce, Malam."