Shekarar da Aka Sa wa Motata Gwamna

A cikin shekarun nan na kafin Arewa ta karɓi mulkin kanta, ni direba ne a Kankara. Motar kawuna nake ja, ƙanen mahaifiyata, wanda kowa a unguwarmu ke kira Alhaji. Motoci biyu gare shi, manya, masu bodin katako. Ɗaya tana hannuna, ɗaya tana hannun mijin ɗiyarsa. Iyakar kamfanin ke nan, amma in ka ji yadda Alhaji ke cewa "kamfanina" a zaure, sai ka rantse jirgin ƙasan Funtuwa ma nasa ne.

Da kaka auduga muke kwasowa daga Ketare da 'Yargoje, mu bi ta Sheme mu kai Funtuwa. Ni kuma an ƙara mini kasuwar Sabuwa. Nakan bi ta Faskari in shiga hanyar rani, da gishiri da kananzir da 'yan kasuwa a baya, in dawo da dawa. Na ce hanya don haka ake kiranta. Gargada ce da ramuka, wani wurin ma sawun shanu ne aka faɗaɗa. A tsakiya akwai wani gulbi da ke ƙafewa da rani ya bar yashi zalla. Ba a lallaɓa yashin nan. Tun daga kan tudu kake taka totur har ƙasa, ka shigo da ƙarfi, mota na rawa fasinja na salati, sai ga ka a wancan ƙetare. Wannan gangaren shi kaɗai ne wurin da na taɓa sanin motata tana da gudu.

To, sai gwamnati ta tuna da mu. Aka yi shela a tasha cewa direbobin manyan motoci suna kashe mutane da gudu, don haka kowace babbar mota a kai ta Funtuwa a sa mata wani ƙarfe a inji wanda zai hana ta wuce ƙa'ida. Sunan ƙarfen, in ji makanikai, gwamna. Mun ɗauka ba'a suke yi. Ashe sunansa ke nan har a wurin Turawa.

Ranar da na kai tawa, na ishe motoci sun yi layi har bakin kasuwa. Wani Bature ne ke duba aikin, dogo, siriri, da gajeren wando da Hausarsa ta littafi. Makanike ya buɗe bonet, ya ɗaura abin a jikin kafireto, ya zagaye shi da waya, Baturen ya matse bakin wayar da 'yar dalma mai hatimi. Sannan ya juyo ya yi mini wa'azi.

"Direba, gudu shi ne mai kashe mutane. Daga yau motarka ba ta gudu. Wanda ya cire wannan dalma, za a karɓe lasin nasa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wace hanya ce ake gudun a kanta? Ina son in je in gani kafin a hana."

Ya ce, "Madalla, madalla," ya wuce mota ta gaba.

Da na koma Kankara, na ishe Alhaji a zaure da baƙi, yana ta sa wa gwamnati albarka. Ya ce doka ce mai kyau, rai ya fi kaya, shi da ma ya daɗe yana faɗa wa yaransa su bi a hankali. Ni dai ban taɓa jin wannan nasiha daga bakinsa ba, amma wataƙila ina cikin rami ina canza taya lokacin da ya yi ta. Da baƙi suka watse, ya kira ni gefe.

"Ka ji dai, sawu ba zai ragu ba. Yadda kake zuwa Funtuwa da, haka za ka ci gaba. Sabuwa ma haka."

"Kawu, an ɗaure wa motar ƙafa."

"Ita aka ɗaure wa. Kai an ɗaure maka? Ka riƙa tashi da wuri."

Haka aka raba aikin cikin adalci. Gwamnati ta rage gudu, Alhaji ya riƙe sawu, abin da ya rage a tsakani aka cire shi daga barcina.

Gwamna kuwa ya kama mulki sosai. Ka taka totur, mota ta ɗauka kamar za ta yi abin kirki, sai ka ji ta shaƙe, ta koma gunaguni. A miƙaƙƙiyar hanyar Sheme, inda da nake fanshe lokacin da ramuka suka ci mini, yanzu sai in zauna ina kallon itatuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har ina gane su. Wani mai keke ya taɓa bin mu tun daga bayan gari yana hira da fasinjan baya, da ya gaji da jira ya yi musu sallama ya wuce. Fasinja suka daina tambayata lafiyar iyali, sai "Direba, ya Gwamna? Ya kwana lafiya?"

Ranar kasuwar Sabuwa ta farko bayan an sa shi, na iso kan tudun gulbi na taka kamar yadda na saba. Mota ta gangara cikin natsuwa da mutunci, ta shiga yashi, ta kai tsakiya, ta zauna. Na sa giya ta ɗaya, tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami. Aka sauke mutane, aka sauke gishiri buhu buhu. Mutanen ƙauyen bakin gulbi suka fito da zana da farantin kwasar yashi da itace, aka haƙa, aka shimfiɗa, aka tura. Muka shiga Sabuwa mahauta na wanke wuƙaƙe. Wata mai daddawa ta dube ni ta ce, "Sannu direba. Ka kawo mu cikin aminci mu ga yadda ake tashi daga kasuwa."

Mako na gaba ko kiran mutanen ƙauyen ban yi ba. Na ishe su zaune a inuwa, zana a naɗe, suna jirana. Mai unguwarsu har ya sa an yi rumfa, wata tsohuwa ta fara kawo fura, don ta lura fasinjan da ya tura mota yana jin ƙishi. A duk ƙasar Katsina ban san inda aka ƙaunaci dokar nan kamar ƙauyen nan ba. Da kunnena na ji wani dattijo, bayan an sallame su, ya ɗaga hannu yana cewa Allah ya ja zamanin Gwamna. Ban tambaye shi wanne ba.

Abokin aikina, surukin Alhaji, bai sha wannan wahala ba. Cikin ɗan lokaci motarsa ta warke, ta koma tashi kamar da, alhali dalmarsa na nan daram da hatiminta. A Kankara akwai wani maƙeri mai hannu, wanda in ka nuna masa abu sau ɗaya ya gama ganinsa. An ce ya koyi zuba dalma. An ce kuma in ka kai mota bayan maƙerarsa, Gwamna yakan yi murabus ya bar rigarsa a kan kujera. Alhaji bai san komai ba game da wannan. Ya sha faɗa mini cewa bai sani ba.

"Ni ban ce ka taɓa komi ba," in ji shi. "Na dai ce ɗan'uwanka yana kai Funtuwa ya dawo rana na sama. Halan tasa motar ta fi jin magana."

"Kawu, in aka kama, lasin wa za a karɓe?"

"Wa ya yi maganar kamu? Kai dai ba ka da tawakkali."

Lasin nawa ne, da sunana da hotona. Na kuma ga wani direban Funtuwa da aka kama da dalmar maƙera, mai motar ya rantse bai taɓa buɗe bonet ba tun da ya saye ta, direban ya koma dako a tashar da a da yake shigowa da mota yana danna oda. Saboda haka na bar Gwamna a kan mulkinsa. Na riƙa tashi tun kafin kiran assalatu, in yi sallar asuba a hanya, in dawo gida yara sun yi barci. Matata ta ce in na ga dama in riƙa aiko da hulata, ita ma ta isa shaida cewa ina da rai.

Abin ya faru ranar wata kasuwar Sabuwa, a kan hanyar dawowa, bayan azahar. Mun sha turi a gulbi, kowa ya gaji, kowa ya sha fura. A gaba kusa da ni akwai wani falke mai sayar da shanu, wanda ya yi alkawarin zai yi mini hira har Faskari. Bai kai ko'ina ba ya sa rawani a fuska ya fara minshari. Inji na gunaguninsa iri ɗaya, ba hawa ba sauka, rana na dukan gilashi. Na tuna ina kallon wata kuka a gefen dama, ina cewa in na kai ta zan tsaya in wanke fuska.

Abin da na sani bayan wannan, ƙara ce mai taushi, kamar an fasa tulu, sai duhu, sai wani abu na zubowa a kan bonet shaaa. Na buɗe ido na ga dawa. Dawa ta rufe gilashi, tana gangarowa ta taga har cinyata. Mota ta bar hanya, ta ratsa gonar da aka girbe, ta bi tsakanin kunya da kunya ba tare da ta tada kowa ba, ta je ta sa kai cikin rumbun wani bawan Allah a gefen wani ƙauye kusa da Faskari, inji ya mutu.

Na fito da ƙyar na zagaya baya, ina jiran in ga jini. Na ishe mutane a kan buhuna, wasu na miƙa, wasu ba su ma farka ba. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Mun iso?" Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Falken nan ya sauko yana kakkaɓe dawa daga rawani, yana cewa shi da ma idonsa biyu, ya ga komai.

Mai rumbun ya fito daga gida da gudu, ya tsaya, ya dubi mota, ya dubi abincin shekararsa a ƙasa, kaji sun riga sun taru. Sannan ya ce, "Malam, duk faɗin dajin ga, nan ka ga hanya?" Na yi ta ba shi haƙuri. Shi ne mutum ɗaya a wannan labari da na ji kunyarsa da gaske, kuma shi ne ya kawo mini ruwa na sha.

Dagaci ya aika Faskari, Faskari ta aika Funtuwa, aka ce kada a motsa mota. Washegari sai ga Baturen nan a ƙaramar motarsa, ya taso da ƙura tun daga nesa, don tasa ba ta da Gwamna. Ya auna sawun taya da igiya. Ya buɗe bonet, ya share dawa, ya kama dalma ya jujjuya ta, ya ga hatiminsa ne na gaske. Fuskarsa ta washe.

"Mutum nawa suka mutu?"

"Babu, ranka shi daɗe."

"Mutum nawa suka yi rauni?"

"Babu. Sai rumbu."

Ya kama hannuna ya girgiza, ya juya ga jama'a ya ce su duba da kyau. Da motar nan tana gudu, da yau ana jana'iza. Gwamna ya ceci ran mutane, kuma ga direba mai bin doka. Na buɗe baki in gaya masa abin da ya sa mai bin dokar ya yi barci da rana tsaka, sai na ga ya riga ya ce madalla. Daga baya na ji a kowace tasha ya je sai ya ba da labarina.

Alhaji ya gina wa mutumin sabon rumbu ya cika masa, don alƙali ya nuna masa cewa hakan ya fi. Ya zauna a zaure ya gaya wa baƙi yana alfahari da ni, ɗan 'yar'uwarsa da Bature ya yaba. Da baƙi suka tafi ya karɓi makulli. Ya ce ba korata ya yi ba, ya ga ina bukatar hutu ne. Motar ya ba wani ƙanen surukinsa, aka kuma ga ta kwana biyu a bayan maƙera, ana gyaran bodi, in ji Alhaji.

Daminar nan noma na yi a gonar mahaifina ta hanyar Ketare. Na yi barci har na ƙoshi, na yi ƙiba, ɗana ƙarami ya daina kuka in na ɗauke shi. Da ruwa ya ɗauke sai ga saƙo daga masu aikin hanya, wai ana neman direba mai haƙuri, kuma Baturen duba motoci ya ce ya san mutum ɗaya tak a ƙasar nan. Na sa riga mai kyau na tafi. Suka kai ni bayan ofis suka nuna mini motar da zan ja: ƙatuwar motar daɓe hanya, mai tayar ƙarfe, wadda mai tafiya a ƙasa ke wuce ta ya waiwayo ya yi maka sannu. Na hau, na yi shekaru a kanta tsakanin Sheme da Kankara, ana biyana kowane wata, ina tashi daga aiki da la'asar.