Guguwar da Ruwa Ya Lulluɓe

Duk garin sun san Verna Stucky da motarta wadda ƙanƙara ta lotsa ko'ina. Tun da ta bar tuƙa motar 'yan makaranta ta shiga sahun masu sa kai wajen duba hadari. Da zarar sama ta haɗe rai, sai ta hau tudun bayan gonakin alkama da rediyon oba-oba, ta riƙa faɗa wa ofishin gunduma abin da idonta ya gani. Da maganarta ake kaɗa jiniya.

Sai dai mutanen wannan jiha ta Kansas ba su da dama. Jiniya na nufin a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su kuwa baranda suke fitowa da kofin gahawa, wai gani ya kori ji. Uban tafiyarsu a wannan hali shi ne mijinta, Orval.

Ran nan da la'asar ta ga guguwa ta sauko ta taɓa ƙasa, sannan ruwan sama ya lulluɓe ta ruf. Guguwar ta miƙe sak wajen gidan su Verna. Verna ta ba da rahoto, jiniya ta ɗauka, ita kuwa ta san kukan nan ne zai fito da Orval waje.

Ta kira shi a waya. Yana baranda kuwa. Ya ce shi ruwa kawai yake gani, ta cika tsoro, ko jiya haka aka tashe su a banza. Ta ce guguwar tana cikin ruwan, ba zai gan ta ba sai ta iso. Ya yi dariya.

"To, tsoho mai taurin kai, saurara." Ta murza makulli, injin motar ya tashi. "Ko ka sauka, ko in taho ta cikin guguwar in sauko da kai."

"Ke Verna, kada ki soma."

"Na riga na sa giya."

Ta ji kujera ta faɗi, ta ji takunsa da gunaguni, sai layin ya yanke. Ko ya kai matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba ta sani ba.

Rediyo ya yi ƙara: ofis na tambayar inda guguwar take, don akwai wani gari a gaba. Ta kashe injin. Ta ce yanzu guguwar tana kan gidan nan mai jan rufi, kusa da gada. Ba ta ce gidanta ne ba.